Balbelar da ke Cikin Safa

Shekara huɗu na yi ban ga idon sawun 'yata na hagu ba, kuma da bakina na jawo hakan.

Sunana Zakka. Rubutu da zane nake yi a jikin keke da motocin haya. Rumfata tana Gwallaga, jikin rumfar wani mai faci da ake kira Bappa, wanda muka fi shekara ashirin muna shan inuwa ɗaya. Karatuna bai yi nisa ba, amma hannuna bai taɓa ba ni kunya ba, ko kuma haka na ɗauka. Duk abin hawan da na yi wa aiki, a can ƙasa ta baya nakan zana 'yar farar balbela tsaye a kan ƙafa ɗaya, ɗayar kuma a ɗage. Ita ce sa hannuna. Direbobi sun san ta, har in na manta wani yakan dawo ya ce ban gama masa aiki ba.

Christabel ita ce 'yarmu ta fari, ni da matata Patricia. Tana ƙarama, in an tashi daga makaranta rumfata take zuwa, ta zauna a kan gwangwanin fenti tana kallon hannuna. Da ta girma ta tafi karatu Jos. A hutun Kirsimeti na shekararta ta biyu, muna zaune a tsakar gida bayan abincin rana, sai ta matso da fara'a ta ɗan ja bakin siket ɗinta sama.

"Baba, kalli tsarabar da na kawo maka."

Balbelata ce. A saman idon sawunta na hagu, ta waje, tsawonta bai wuce ɗan yatsana ba. Ba lalle ba ne, ba biro ba ne. Tatu ne, irin wanda ake yi da allura, tawada ta shiga cikin fata ta zauna ke nan.

Na yi faɗa ranar har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na ce jikin mutum na Allah ne, ba bayan keke ba ne. Na ce da wane ido zan kalli Fasto. Na ce Jos na tura ta karatu, ba koyon iskanci ba. A ƙarshe na ce, "Muddin kina cikin gidan nan, kada idona ya sake ganin wannan abu."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To, Baba." Ta shiga ɗaki, ta fito sanye da safa.

Halina ta ɗauko kaf. Daga ranar ba ta sake taka tsakar gidana ba safa ba. Da damina safa, da bazara safa. In za ta yi wanki sai ta sa tsohuwa, in ta jiƙe ta canza wata. Ranar aurenta ma, da ta durƙusa in sa mata albarka, na hango farar safa mai leshi a ƙarƙashin rigar amarya. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, ba ta taɓa tayar da zancen ba. Safar ce kawai take yi mini magana kullum.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, har Patricia. A ɗan kallon da na yi kafin in fara faɗa, na ga an taɓa mini zane. Ƙafar da balbelata take ɗagewa, ni gaba nake lanƙwasa gwiwarta, kamar ta mutum mai hawa matakala. A jikin 'yata kuwa baya ta lanƙwasa. Washegari na hau keke na tafi dam ɗin Gubi, na zauna a bakin ruwa kusa da wani garken shanu, ina kallon balbelu har rana ta take. Duk wadda ta ɗaga ƙafa, baya gwiwar take yi. Ko ɗaya ba ta yi irin tawa ba. Wato shekara ashirin da wani abu ina sakin tsuntsu mai gwiwar mutum a titunan Bauchi, sai wani mai allura a Jos, wanda ko sunansa ban sani ba, ya gyara mini aiki a jikin 'yata. Zunubin ya dame ni, ba na musu. Amma gwiwar ta fi damuna. Na koma rumfa na ci gaba da zana ta gaba kamar yadda na saba.

Bara Christabel ta auri Godspower, yaro mai natsuwa, yana aikin hanya wajen Ningi, sai ƙarshen mako yake dawowa. Da cikinta ya kai wata bakwai, Patricia ta ce haihuwar fari a gaban uwa ake yi, aka ɗauko ta ta dawo wurinmu a Yelwa. Watan Maris ne, lokacin da ruwan randa ma yake yin ɗumi. Gidan ya yi daɗi da dawowarta. Da safe in ji su ita da uwarta suna musu a kan yawan yaji a miya, da yamma in tarar tana zaune a gindin mangwaro tana tsinkar zogale, ta ce, "Sannu da aiki, Baba," ta tura mini kofin kunun zaƙi. Na yi ƙiba a makonnin nan. Sai dai duk lokacin da na zauna, idona ƙasa yake zuwa.

Ƙafafunta sun fara kumbura. Da farko silifas ɗinta ya daina shiga, ta koma sa nawa. Daga baya na lura bakin safar ya nutse cikin nama, sama da shi ya yi tudu kamar an ɗaure buhu. Ni mutum ne mai saurin tsoro. In Patricia ta yi tari sau biyu sai na tambayi kemis. To ga 'yata da ciki, a wannan zafi, ƙafa a ɗaure.

Wata safiya Patricia ta same ni ina wanke fuska a bayan ɗaki.

"Baban Christabel, ka ga aikin bakinka ko?"

"Wane aiki kuma?"

"Kada ka yi mini kamar ba ka gani ba. In na shafa mata man kaɗanya a ɗaki, sai ka ga shatin safar kamar an yanka da wuƙa. Na ce ta bar ta, ta ce Baba bai ce ba."

"Ni na hana ta? Ta cire mana."

"Je ka gaya mata."

Na ci gaba da wanke fuskar da ta riga ta wanku.

"Kuma balbelar taku," in ji ta, "ta zama agwagwa. Wuyan ya yi kauri, cikin ya baje. Jiya na tarar da ita ta ɗora madubi a ƙasa tana kallo tana share hawaye."

"Ni ina ruwana da balbela," na ce.

Amma duk hanyar Gwallaga ita nake tunani. Na san abin da ya kamata in yi, kalma uku ce ko huɗu. Sai dai uban da ya yi rantsuwa a gaban maƙwabta bai san ta inda zai fara kwance ta ba. Sai dabara ta zo mini. In na tabbatar zanen zai koma daidai bayan haihuwa, zan je mata da albishir a matsayin mai sana'a, ba a matsayin mai neman afuwa ba. In ce, a sanina na mai zane, abin nan zai koma, ki daina damuwa, cire safar ma ki sha iska. Shi ke nan, magana ta wuce ba wanda ya sunkuya.

To amma ina zan tabbatar? Ban taɓa yin zane a kan abin da yake kumbura ba. Ina cikin wannan tunani na ga Bappa yana tsoma robar cikin taya a ruwa yana neman inda ta huje.

"Bappa, ba ni tsohuwar roba ɗaya."

"Ta keke ko ta mota?"

"Wadda ta yi kaurin ƙafar mutum."

Ya ɗago kai ya dube ni, ya miƙo mini ta babur. Na goge ta da kananzir, na ɗauki ƙaramin buroshi na zana balbela a kanta, daidai tsawon yatsa. Na bar ta ta bushe. Bappa yana gefe yana cin goro, na ce ya ba ta iska.

"Malam Zakka, lafiya dai? Ko direbobi sun ƙare ne ka koma yi wa roba ado?"

Dole na gaya masa, amma ban faɗi zancen gwiwa ba. Ya yi dariya har goron ya sarƙe shi.

"To 'yar taka roba ce?"

"Kai dai ba ta iska."

Ya sa famfo. Muna kallo balbela ta fara buɗewa. Wuya ya yi kauri, ciki ya baje, baki ya gajarce. Agwagwa sak, yadda Patricia ta faɗa. Na ga gwajin nawa yana bin gaskiya.

"Sauke iskar mu gani," in ji Bappa.

"A'a. Ciki ba minti biyar yake yi ba. A bar ta kwana uku."

Muka rataye ta a ƙusa a bakin rumfa, a rana. Duk direban da ya zo sai ya tambaya, Bappa ya ce masa sabon talla ne. Kullum da safe yana zuwa sai ya gaishe ta.

"Ina kwana, mai ciki? Ya nauyin jiki?"

Ya kuma yi ta kwantar mini da hankali ta hanyarsa. "Innata Bafulatana ce, tana da jarfa a gefen baki, haihuwa tara ta yi, har ta rasu zanen yana nan."

"Baki yana ɗaukar ciki ne, Bappa?"

"To uwargidana fa? Haihuwa bakwai, kowane ciki ƙafa kamar turmi, amma takalmin aurenta har yau yana shigarta."

"Takalmi daban, zane daban."

A rana ta uku muka sauke iskar. Robar ta yi laushi ta yamutse. Fentin ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, kan balbelar ya ɓare ya faɗi ƙasa, ƙafar da ke ɗage ta rabu biyu. Na sa yatsa na taɓa, sauran ya biyo yatsana.

Bappa ya daina dariya. Ya ce, "Fentin ne ba shi da kyau."

"Fentina ne, Bappa."

Na naɗe robar na sa a jaka na tafi da ita gida. Albishir ɗin da na so kai mata ya zama mugun labari, kuma ni kaɗai na san shi. Kwana biyu ban iya haɗa ido da Christabel ba. In ta miƙo kunu sai in karɓa ina kallon mangwaro. Ita kuwa ta ɗauka wani sabon fushi nake yi. Ranar Asabar na ga ta sauya safa, ta sa doguwa mai kauri wadda ta kai rabin ƙwauri, irin ta 'yan ƙwallo. Tuwon ranar bai wuce mini ba.

Ranar Lahadi bayan sujada, Patricia ta dawo tare da Sista Christiana. 'Yar zumuntar mata ce a cocinmu, kuma nas ce a wurin awon masu ciki, mace mai murya kamar ta kwandasta. Ta zauna kusa da Christabel, ta ɗaura mata abin awon jini a hannu, ta duba idonta, ta tambaye ta ko kanta yana ciwo. Sannan ta kalli ƙasa.

"Ke, wasan ƙwallo za ki? Cire wannan abu in ga ƙafa."

Christabel ta dubi inda nake. Na tashi na fita ƙofar gida, kamar yadda na saba yi duk lokacin da ake bukatar ƙafar.

Ina tsaye a waje har Sista ta fito. Na raka ta 'yan taku, sannan na ce ina da tambaya. Na buɗe jaka na fito da robar, na yi mata bayani tun daga farko, har kwana ukun da ta yi a rana. Ta karɓa ta juya ta, ta dube ni, sai ta dafa katanga ta fara dariya. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, wani mai keke ya rage gudu yana kallonmu.

"Wayyo Baban Christabel, za ka kashe ni! Kwana uku a rana?"

"Don ya yi daidai da ciki."

Ta share ido da bakin gyale. "Saurara. Fentinka a saman roba yake, shi ya sa ya fashe. Tawadar can a cikin fata take, tare suke miƙewa, tare suke komawa. Kumburin nan ruwa ne ya taru, nauyin ciki ne da zafi. In ta sauka, mako biyu ko uku, ruwan zai tafi. Yawanci zanen ƙafa yana komawa. Ko ya canza, kaɗan ne. Na ciki ne yake shan wahala, ba na idon sawu ba."

Na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Na fara godiya, sai ta ɗaga hannu. Fuskarta ta canza.

"Jininta lafiya lau, na auna. In ka ga fuska ko hannu sun kumbura farat ɗaya, ko ta ce kanta yana sarawa, ko tana ganin duhu-duhu, kada ka tsaya neman roba, ku taho asibiti. Wannan ke nan. Na biyu, safar nan. Bakinta yana datse ƙafar, ruwan ba ya samun hanya, fatar har ta fara yin ja. Ƙafa tana son iska, tana son a ɗaga ta sama. Na gaya mata, uwarta ta gaya mata, mijinta ya gaya mata. Ina juya baya ta mayar."

"Taurin kai gare ta."

"A ina ta samo?" Ta miƙo mini robata. "Ba maganarmu take jira ba, Baba."

Ranar Litinin ban tafi rumfa ba. Na samo guntun katako a bayan gida na haɗa 'yar kujera gajera, daidai ɗora ƙafa. Na shafa mata shuɗin fenti na bar ta a rana. Wajen ƙarfe goma Christabel ta fito da tiren zogale ta zauna a gindin mangwaro. Patricia tana bakin murhu, ta ba mu baya, amma na san kunnenta yana wurinmu.

Na jawo kujerar na zauna a ƙasa kusa da 'yata, na buɗe farin fenti. Na fara balbela a kanta, na zana kai da baki. Na ja wuya. Na yi jiki da fiffike, na sauke ƙafar da take tsaye. Tana kallon hannuna kamar lokacin da take zama a kan gwangwani. Da na zo ƙafar da ke ɗage, na tsaya.

"Christabel."

"Na'am, Baba."

"Gwiwar nan, gaba take yi ko baya?"

Ta daina tsinkar zogalen. "Baba, shekara nawa kana zana ta, ni za ka tambaya?"

"Ke nake tambaya."

"Baya," in ji ta.

"Ban yarda ba sai na gani."

"Sai ka je Gubi, suna nan da yawa."

"Na je. Shekara huɗu da suka wuce na je. Ta kusa nake so in gani."

Ta sunkuyar da kai tana juya ganye a tire. "A gidanka muke, Baba."

Na so dabarar ta ishe ni, amma na ga ba za ta isa ba. Yarinyar nan ba za ta karɓi rabin magana ba, don ni ma ba na karɓa. Na ajiye buroshi a kan murfin gwangwani.

"Ni na faɗi maganar nan, a nan wurin, da ƙarfi. To na janye ta. Ban kyauta miki ba. Cire safar, 'yata."

A bakin murhu muciya ta daina motsi.

Christabel ta sa bayan hannu ta goge hanci. "Ta lalace, Baba. Da can da take da kyau ka ƙi kallo. Yanzu ba abin gani ba ce."

"Sista ta ce za ta koma."

"Haka ta ce mini ni ma. Amma yau dai agwagwa ce."

"To a nuna mini agwagwar."

Ta sunkuya za ta cire, cikin ya tare ta, hannunta bai kai ba. Ta sake gwadawa ta gefe, ta yi nishi ta koma. Ta kira, "Mama, zo ki taya ni."

"Hannuna da tuwo," in ji Patricia, ko juyowa ba ta yi ba. Tuwon da ko ruwansa bai tafasa ba.

Na matsa na ɗora ƙafar a kan gwiwata. Rabona da riƙe ƙafar nan tun tana firamare, ranar da ta taka ƙusa a rumfata. Na sa yatsu biyu a bakin safar na naɗe ta ƙasa a hankali. Inda bakin ya zauna ya yi rami zagaye, ja, har zanen saƙar ya fito a fata. Wannan ramin na fi daɗewa ina kallo. Na shafa shi da babban yatsa.

Sannan na juya ƙafar. Ga ta nan. Wuya kamar na tulu, ciki kamar ta haɗiye ƙwai uku, idon da ya kamata ya zama ɗigo ya zama tsawo, sai ta yi kama da mai jin barci. Na yi ƙoƙari in riƙe fuskata, na kasa. Dariya ta ƙwace mini. Christabel ta ce, "Baba!" ta kai mini dukan wasa a kafaɗa da reshen zogale, ita ma ta fashe. Patricia ta taho da muciya a hannu tana cewa, "Ban gaya maka ba? Ban ce agwagwa ba?"

"Ita ma ciki gare ta," na ce. "Tare za ku sauka."

Da muka natsu na sake dubawa. Komai ya baje, amma gwiwar tana nan, ta lanƙwasa baya, tsaf. Na ja numfashi. Tunda na fara sauke kaya, gara in sauke duka.

"Mutumin nan na Jos ya san aikinsa. Ya fi ni ido. Shekara huɗu ina jin haushinsa a kan gwiwar nan."

Christabel ta zaro ido. "Wane mutum? Mai allurar?"

"Shi."

"Baba, wannan ko balbela bai taɓa lura da ita ba. Hoton bayan keke na kai masa a waya, ya kwafa daidai yadda ka yi, gwiwa gaba. Ni na karɓi biron na juya ta kafin ya sa allura. Har musu ya yi da ni."

Na saki baki. "Ke?"

"Tun ina aji huɗu na sani. Ranar da aka kai mu yawon makaranta Gubi na gani."

"Shi ne ba ki gaya mini ba?"

"Yaya zan gaya maka? Kowa yana yabonka. Da na girma na ce bari in gyara a jikina in kawo maka, ka gani da kanka ba sai na faɗa ba." Ta ɗan yi murmushi. "Ka kuwa gani."

Patricia ta dube ni ta dube ta, ta girgiza kai. "Shekara huɗu ina wanke safa saboda gwiwar tsuntsu. Allah ya ba ni haƙuri da ku biyun nan."

Na tsoma buroshi a fenti na miƙa wa Christabel. Na ɗago kujerar na riƙe mata a saitin hannu, tunda ba ta iya sunkuyawa. Ta ja layi ɗaya ƙasa, ta karya shi baya, ta ƙarasa da yatsu uku. Da fentin ya bushe na cire mata ɗaya safar, ta ɗora ƙafafu biyu a kan kujerar, ta jingina da mangwaro ta lumshe ido. Iska tana kaɗawa kaɗan. Tana ta motsa yatsun ƙafa.

Ta sauka a farkon watan Mayu, kwana biyu bayan ruwan farko, ɗiya mace, lafiya lau. Abu na farko da na duba a jikin jaririyar ƙafa ce, ban san dalili ba. Mako uku bayan haka Christabel ta kira ni tsakar gida ta miƙo idon sawu. Wuya ya koma siriri, ido ya koma ɗigo. Cikin ne kawai bai koma duka ba, ya ɗan fi da faɗi, sai wanda ya san ta da can zai gane. Na ce ko za a nemi mai gyarawa. Ta ce a bar ta haka, ita ma ta haihu.

Safunan kuwa Patricia ta tattara su cikin leda ta ba ni, guda goma sha ɗaya, ɗaya marar 'yar'uwa. Suna rumfa, da su nake goge buroshi. Robar kuwa na mayar, tana rataye a ƙusar Bappa, ya ƙi yarda a jefar.

Tun daga lokacin baya nake lanƙwasa gwiwar. Makon jiya wani direba da na daɗe ina yi wa aiki ya zagaya bayan kekensa, ya tsuguna, ya daɗe yana kallo.

"Baba Zakka, ƙafar tsuntsun nan ta karye fa."

Na ce masa ya je Gubi ya duba, in ya ga mai irin ta da, ya dawo in sake masa.